Ranar da Na Ƙi Kauce wa Motar Hajiya

Har yau idan aka danna hon a bayana, ko a ƙasa nake tafe, sai in ji ƙafata ta dama tana laluben birki. Shekaranjiya a bakin kasuwa wani mai adaidaita ya yi mini haka, na saki ledar tumatir a tsakiyar titi, na tsaya kamar an dasa ni, har sai da wata tsohuwa ta ja ni gefe tana tambayata ko ba ni da lafiya. Lafiyata ƙalau. Jikina ne bai gama yarda cewa abin ya wuce ba. Amma duk da haka, idan na tuna ranar sai in kama kaina ina murmushi ni kaɗai, shi ya sa na ce bari in rubuta tun abin yana da ɗuminsa.

Babana direban gwamnati ne har ya yi ritaya. Ƙarfinsa duk a jerin gwanon motocin manya ya ƙare, kuma abin alfaharinsa guda ne: bai taɓa wuce motar da aka ce ya bi ba, bai kuma taɓa tare wadda aka ce ya ba hanya ba. Bayan ya ajiye aiki sai idonsa ya fara ja da baya, har komai ya koma masa dishi-dishi. Idan mutum ya matso kusa yana gane shi, amma titi ya fi ƙarfinsa. Tsohuwar motarsa mai dogon baya ta zauna a ƙofar gidanmu a cikin birni, awaki suna kwana a ƙarƙashinta.

Abin da ya rage masa na mota shi ne tseren da ake nunawa a talabijin ranar Lahadi, na motocin nan masu kama da fara, masu kujera ɗaya, da direba a kishingiɗe ba a ganin komai nasa sai hular kwano. Baba yakan ja kujera har gaban akwatin ya karkata kunne. Da ƙara yake kallo. Sai ka ji ya ce, "Wannan ya makara wajen sauke giya," kuma ka ga motar ta ɗan sauka daga layinta. Abin da ya gagare shi shi ne Turancin da ake zubawa da sauri ta rediyo, tsakanin direba da mutanensa da ke zaune a gefen fili gaban na'urori. Ni ce na gama sakandare ina zaune a gida, sai aikin fassara ya faɗo kaina. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka ba ya kiran sunana, Uwata yake ce mini.

"Uwata, me suka ce masa?"

A nan na fahimci yadda abin yake. Kowace ƙungiya motoci biyu take sakawa, direbobi biyu, kaya iri ɗaya, uban gida ɗaya, amma babu wanda kowannensu yake son kayarwa kamar ɗan'uwan nasa. Ana tsakiyar gudu sai murya ta shigo kunnen na gaba, a tausashe kamar mai yin ta'aziyya, ta ce abokinka da ke bayanka ya fi ka sauri, ko ya fi ka buƙatar maki, ka ba shi hanya. Wasu su kauce suna gunaguni. Wasu su yi shiru kamar rediyon ya lalace. Wasu kuwa su ce a'a ƙiri-ƙiri duniya tana ji. Irin waɗannan na ƙarshe su ne suke haɗa Baba da Yaya faɗa. Yaya ɗan Baba Babba ne, wato wan mahaifina. Gida ɗaya muke, kowa da sashensa, kuma duk Lahadi yana ɗakinmu.

"Namiji ke nan!" Yaya zai ce yana buga cinya. "Mutum ya sha wuya tun farko, ya zo ƙarshe a ce ya miƙa wa wani? Wallahi ko ni ne ba zan kauce ba."

"Kai da ba ka iya ribas sai ka gaisa da katangar mutane," in ji Baba. "Waɗancan na gefe fili gaba ɗaya suke gani. Sun san tayar wa ta cinye, sun san hadari ya taso ta ina. Shi me yake gani? Hancin motarsa. Direban da ba ya jin magana ko kyauta aka ba ni ba na so."

Ni dai fassara tawa, ba na sa baki. Dama ni matsoraciya ce tun ina ƙarama. Ƙadangare, tsawa, a kira ni gaban allo, duk ɗaya ne a wurina. Shi ya sa kowa ya yi dariya da Baba ya ce zai koya mini mota. Zuwa asibitin ido ne ya ishe shi, adaidaita tana jijjiga masa baya, Yaya kuma kullum yana da wani wurin zuwa. A filin makarantar unguwa Baba ya koya mini, yana gefena, hannunsa a kan birkin hannu. Mutane sun yi magana, Baba Babba ma bai so ba, ya dai yi shiru. Ranar da na samo takardar tuƙi Baba ya riƙe makullin a sama bai sake mini ba sai da ya gama magana.

"Sharaɗina ɗaya ne. Ke ce mai ido, amma ni na san hanya. In na ce tsaya, ki tsaya. In na ce kauce, ki kauce. Ranar da na faɗa kika ƙi, ki ajiye mini makullina, ba sai na tambaya ba."

Na ce na ji na yarda. Ban san yadda zan bayyana abin da makullin nan ya zame mini ba. Shi ne abu na farko da na riƙe a rayuwata da ya sa aka daina ce mini farar kura. Na saƙa masa igiya da zaren ulu, ina rataya shi a wuya a ƙarƙashin hijabi. Ba wai tsoron ya tafi ba. Ya dai koma madubi. Ko akuya ce a bayana sai na duba ta, in sake dubawa. Baba ba ya ganin idona, amma yana ji a jikin mota.

"Kin sake kallon madubi. Na ji ƙafarki ta saki totur. Abin da ke baya ba naki ba ne, Uwata, gabanki za ki duba."

A bana ne Hajiya, kakarmu, mahaifiyar su Baba, ta sauke farali. Da aka ce jirginsu ya sauka a Kaduna, aka shirya motoci biyu su je ɗauko ta, tawa da ta Yaya. Baba Babba ya zauna a gida don tarbar baƙi. A unguwarmu akwai yadda ake yi: motar da ta ɗauko alhaji ita ke fara shiga lungu, tana tafiya a hankali kamar amarya. Yara sun san da haka. Da zarar sun hango motar farko sai su rugo su tare ta a tsakiyar hanya, su dafa ta ta ko'ina, su raka ta har ƙofar gida suna ihun oyoyo, don sun san akwai dabino. Babu yaron da ke tsoron wannan motar, tunda ba a taɓa ganin ta da gudu ba.

A sansanin alhazai muka daɗe muna jiran kaya. Muna tsaye na ga wani danshi a ƙasa kusa da tayar baya ta motar Yaya. Na nuna masa. Ya leƙa, ya yi tsaki, ya je wurin mai tebur ya sayo ruwan leda da ƙullin garin sabulu, ya kaɗa su a gora har suka yi kumfa, ya buɗe gaban mota ya ɗura a wurin man birki.

"Yaya, sabulu fa?"

"Ke direban filin makaranta, me kika sani? Duk 'yan tasha haka suke yi. Santsi ake nema, ga santsi."

Na je na faɗa wa Baba. Ya kira shi ya yi masa faɗa sosai, ya sa shi ya taka birkin yana saurare da hannu a jikin motar. Birki ya kama. Ga Hajiya ta fito a gajiye, ga rana ta yi, ga Baba Babba yana ta kira. Baba ya ce to, Yaya ya shiga gaba, ya tafi a hankali, mu muna biye, gobe da sassafe a kai ta wurin bakanike. Aka ɗora jakunkuna a saman motar Yaya har ta durƙusa, Hajiya ta shiga bayan motar tasa, sauran kaya da jarkar zamzam aka zuba a tawa.

Lafiya lau muka zo har Wusasa. A nan wata babbar mota ta lalace ta tare rabin titi, masu babura da adaidaita suka cakuɗe, wani mai ba da hannu ya tura ni ta gefe ɗaya, ya tsayar da Yaya. Kafin in ankara na shiga Ƙofar Kuyambana ni ce a gaba, shi yana can baya. Na rage gudu ina jiran sa. Daidai nan wayar Baba ta yi ƙara, ya buɗe muryar yadda nake ji. Baba Babba ne.

"Kuna ina?"

"Mun shigo gari."

"Motar Hajiya ce a gaba ko?"

"A'a, cunkoso ya raba mu, mu ne a gaba."

"Kai! A'a. Ga mutane cike da ƙofar gida, yara sun fita tarye. Yarinyar nan ta tsaya a gaban masallaci ta ba shi hanya. Kar ta shigo mini lungu kafin Hajiya."

Maganarsa daidai ce, ban ga laifinta ba. Hanyar gidanmu daga babban titi tana gangarawa ne a hankali zuwa wajen kududdufi. Wuri ɗaya ne mota biyu za su iya giftawa, ɗan filin gaban masallacin unguwa. Daga nan sai lungu, katangar ƙasa a dama, lambatu a hagu. Na karya kwana, na kunna sigina, na fara neman gefe. Da niyyar bin umarni na yi haka, Allah ne shaidata.

Sai na duba madubi, kamar yadda na saba.

Motar Yaya ta karyo kwanar ba tare da ta rage gudu ba, kayan samanta suka yi gefe kamar za su zube. Ya kwanta a kan hon bai ɗaga ba. Ba wannan ne ya tsorata ni ba, dama shi mai son hon ne. Kansa na gani yana sama yana ƙasa, yana sama yana ƙasa, kamar mai taka keken ɗinki da dukan jikinsa. Baba ya taɓa nuna mini cewa duk motar da aka taka wa birki sai hancinta ya ɗan sunkuya. Hancin wannan a ɗage yake, yana ƙara girma a madubina. Na tuna kumfar nan a cikin gora. Na mayar da idona gaba. Can ƙasan gangaren yara sun riga sun hango mu, sun cika lungun daga katanga zuwa lambatu, sun taho da gudu, ƙananan a baya suna faɗuwa suna tashi.

Na kashe sigina, na dawo tsakiyar hanya.

"Uwata, na ji kin kashe sigina," in ji Baba. "Ga shi nan yana miki hon. Kauce."

Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Harshena ya manne a sama.

"Kauce na ce!"

A waya Baba Babba yana cewa, "Me take yi ne? Ba ta ji ba?" Filin masallacin ya zo daidai tagar Baba, na gan shi da gefen ido, fili sarai, babu kowa, ga inuwar darbejiya. Da na murɗa sitiyari kaɗan shi ke nan, na bi magana, makullina yana wuyana. Na riƙe sitiyarin da hannu biyu, masallacin ya wuce.

"Ke! Ni nake miki magana!"

Tunda nake Baba bai taɓa ce mini ke da wannan muryar ba. Ban san ko dabara ce ko tsoro ba, na ɗan ƙara wuta don kar ya same ni da dukan ƙarfinsa, sannan na ɗaga ƙafa. Abin da na iya furtawa kawai shi ne, "Baba, riƙe!"

Ƙarar ba ta kai yadda nake zato ba, amma na ji ta har cikin haƙorana. Gilashin baya ya tarwatse, jarkar zamzam ta fashe, ruwa ya biyo ƙarƙashin kujeru ya jiƙa mini ƙafa. Wayar ta faɗi ƙasa tana ta magana ita kaɗai. Motar Yaya ta manne da tawa tana tura mu gangare kamar sa ya sa kai a bayan amalanke. A wannan turin ne Baba ya gane. Bai ga komai ba, a bayansa ya ji. Muryarsa ta sauya nan take, ta koma irin ta filin makaranta.

"Ba shi da birki. To. Kar ki taka gaba ɗaya, za mu juya. A hankali. Ƙara. Sauke giya. Sauke kuma. Riƙe ta a miƙe, Uwata, riƙe ta a miƙe."

Ina takawa, yana jan birkin hannu kaɗan-kaɗan, injin yana kuka kamar zai fito waje. Ƙaurin taya ya cika motar. Madubin gefe ya goga katanga ya karye, ƙasa ta zubo a kan gilashi. Ni kuwa ina ta salati da ƙarfi, ashe bakin ya buɗe ban sani ba. Yaran suna ƙara matsowa, ina ganin haƙoransu, dariya suke yi. Motar ta yi ta ja, ta yi ta ja, sannan ta yi wata 'yar girgiza ta mutu.

Wata yarinya mai kitso biyu, jikar Baba Babba, ita ta fara isowa. Ta ɗora tafin hannunta a kan gaban motar ta ce, "Oyoyo Hajiya!" Sauran suka rufe mu suna leƙe ta taga suna neman dabino.

Ban iya sakin sitiyari ba. Ina nan zaune na hango Baba Babba ya taho yana tattare babbar riga, waya a hannu, maza na biye da shi.

"Kun ga abin da nake gudu ko? An ce ki kauce kin ƙi, kin tsaya a gaban mutum sai da ya buge ki! Da tsohuwa a ciki! Wa ya ce a ba yarinya mota?"

Mutane suka fara taya shi. Baba ya buɗe ƙofa zai yi magana, hayaniya ta danne shi. Sai Yaya ya fito. Ya yi taku ɗaya, ya zauna daɓas a bakin lambatu da sabuwar shaddarsa.

"Baba, ba ita ba ce," ya ce. "Birki ne ya tafi tun daga kwana. Ni hon nake mata ta kauce kar in buge ta. Ban ma ga yaran ba. Wallahi ban gan su ba."

Baba Babba ya tsaya yana kallon sa. Ya zagaya ya zura ƙafa cikin motar ya taka birkin, abin ya tafi har ƙasa ba tare da wata gardama ba. Wani ya nuna ƙarƙashin motar, inda ruwa mai kumfa yake ɗiga. Baba Babba ya ɗago ya dubi lungun, ya dubi yaran da ke kewaye da motata, ya dubi jikarsa da ke ta tsalle. Ya cire hula, ya nemi dakalin wani gida ya zauna, yana ta maimaita innalillahi a hankali.

Sai ga Hajiya. Ta turo ƙofa ta fito da kanta, ta gyara mayafi, sabon haƙorin Makka yana walƙiya. Ta dubi Yaya, wanda take wa wasan jika tana kiran sa maigidanta.

"Maigida, ashe gadona kake so tun yanzu? Na hau jirgi na keta teku na dawo lafiya, sai a lungunmu za ka ƙarasa ni da ruwan wanki?"

Wani ya tuntsire da dariya, sai kowa ya kama, irin dariyar da ke zuwa da hawaye. Ta tako har tagata ta leƙo. Ta sa hannu ta ɓamɓare yatsuna daga sitiyari ɗaya bayan ɗaya, ta riƙe su a nata, masu ƙamshin turaren can.

"Takwara, motar nan tana tashi?"

"Ban sani ba, Hajiya."

"Gwada mana." Ta buɗe baya, ta kakkaɓe gilashi da gefen mayafi, ta zauna a kan kujerar da ta jiƙe da zamzam. Ta leƙa waje ta ce da Baba Babba, "Kai kuma tashi. Ba motar Hajiya ka ce ta fara shiga ba? To duk wadda na shiga ita ce motar Hajiya."

Na murɗa makulli, ta tashi. Ƙafata tana rawa a kan kuloci har motar tana tsalle, bamba tana jan ƙasa a baya tana ƙara kamar gwangwani, yara sun dafa ta ko'ina. Haka na shiga lungunmu a gaba, a hankali kamar yadda ake yi. Kafin mu kai labari ya riga mu. Matan gida suka fito har zaure, wata gwaggona ta rangaɗa guɗa, wata ta karɓa, kuma na ji da kunnena ba sunan Hajiya kaɗai ake kira ba. Baba Babba da kansa ya buɗe mini ƙofa. Ya ɗora hannu a kaina ya daɗe bai ɗauke ba.

Amma ni na san abin da ke jirana. Bayan la'asar, da baƙi suka ragu, na sami Baba a ɗakinsa a kan buzu. Na durƙusa, na ciro igiyar daga wuyana, na ajiye makullin a gabansa yadda zai ji ƙararsa. Ya laluba ya ɗauka, ya juya shi a hannu, ya sa a aljihu.

"Allah ya yi miki albarka," ya ce. "Je ki huta."

Shi ke nan. Na koma ɗaki na yi kukan da ban yi a lungu ba. Kwanakin da suka biyo baya mata suna ta shigowa ganina, ana kawo mini dabino da zannuwa daga tsarabar Hajiya, ana ba da labarin a gabana ana ƙara masa gishiri, har wata ta ce da hannu ɗaya na tare motar. Ni kuwa hannuna yana ta komawa wuyana yana tarar da babu komai. Ban ga laifin Baba ba. Sharaɗi ne na amsa da bakina, kuma shi mutum ne da bai taɓa mayar da maganarsa ba.

Lahadi ta zo. Na ji Baba ya ja kujerarsa, na ji ƙarar motocin ta cika ɗaki, sannan na ji, "Uwata!" Na je na zauna a wurina. Yaya ma yana nan a lungun ɗaki, shiru kamar baƙo, don tun ranar Baba Babba ya karɓe nasa makullin. Tsere ya yi nisa, motoci biyu masu launi ɗaya suna bin juna kamar an ɗaure su, sai ga muryar nan mai taushi ta shigo.

"Me suka ce masa?"

"Sun ce ya ba na bayansa hanya."

"Shi kuma ya ce me?"

"Ya ce ba zai bayar ba."

Na jira faɗan da aka saba. Yaya ya sunkuyar da kai yana wasa da yatsun ƙafarsa. Baba ya daɗe yana sauraren injin.

"Ya faɗi dalili?"

"Bai faɗa ba, Baba."

"To ya yi laifi. Wannan kofi yake nema wa kansa, ba wani abu ya hango ba." Ya gyara zama, ya sa hannu a aljihu. "Ni ma ranar nan ina gefen fili ne, na ɗauka ni ke ganin komai. Ungo."

Igiyar ulun ta sauka a cinyata.

"Sharaɗina yana nan, ban janye ba. In na ce kauce, ki kauce. Amma in kin ga abin da ban gani ba, ki buɗe baki ki faɗa mini. Abin da ya sa na riƙe makullin nan ke nan. Direba ba ya shiru. Kin bar ni ina miki tsawa kamar mahaukaci a gaban wana."

"Bakin ne ya ƙi buɗuwa, Baba."

"To a koya masa. Gobe za ki kai ta wurin mai gyaran jiki. Wancan mai sabulun ya raka mu, shi zai yi bayanin yadda aka yi."

Yaya ya ɗago. "Baba, ni a ina zan zauna?"

"Tambayi direba."

Na ce, "Baya, Yaya. Ka kula da gilashi." Baba ya yi dariya har da tari.

Washegari da hantsi na fito da motar. An ɗaure bamba da igiya, an toshe bayan da farar leda, sai madubin tsakiya da na gefena suka rage. Muka hau gangaren, muka wuce inda katanga ta goge, muka wuce masallaci. Da muka kusa babban titi na ɗaga ido na duba madubi, na ji ƙafata ta saki totur kamar kullum. Na san Baba ya ji. Na jira ya ce abin da ke baya ba nawa ba ne.

Ya karkato kansa wajena ya ce, "Uwata, me ke bayanmu?"

Na ce, "Mai babur ne ɗauke da buhu, sai Yaya yana ɓata rai."

"To madalla. Mu je."